Terry ko Ferdinand: wasan wa ɗan baya mai tasowa zai zauna ya koya?

Akwai wani yaro cikin waɗanda nake horarwa da yamma a filin unguwarmu, shekararsa 15, dogo ne mai ƙashi, amma ba shi da gudun a zo a gani. Watannin baya na cire shi daga tsakiya na mayar da shi baya. Ran nan an tashi daga atisaye, ina zaune a kan benci ina kwance igiyar takalmi, sai ya zo ya tsuguna a gefena ya ce, "Koci, Yaya ya ce in riƙa kallon John Terry, Kawu kuma ya ce ba a taɓa yin ɗan baya kamar Rio Ferdinand ba. Datata ba za ta kai in kalli kowa ba. Wanne zan bi?"

Yayan nasa ɗan Chelsea ne na gani-kashe-ni, kawun kuwa tun zamanin koci Ferguson yake Manchester United, duk wuyar da aka sha daga baya bai sauya sheƙa ba. Kowannensu so ne ya hana shi ganin laifi. Sai dai tambayar yaron ta fi musun gidan kallo ma'ana. A gidan kallo ana tambayar wa ya fi, a ƙirga kofuna, a yi ta hayaniya har mai gida ya kashe janareta. Shi yaron abin da yake son sani shi ne wasan wa zai iya ɗauka ya sa a ƙafarsa, kuma amsar wannan ba lalle ta zo daidai da ta gidan kallo ba.

Abu na farko da na gaya masa ya sa shi murmushi: su biyun ma ba a baya suka fara ba. Dukkansu 'yan Landan ne, dukkansu sun bi ta hannun masu renon yara na West Ham, kuma dukkansu 'yan tsakiya ne tun suna ƙanana. An haifi Ferdinand a 1978, ya tashi a unguwar Peckham, yana yaro har makarantar rawar bale ya yi, abin da wasu ke yi wa dariya, amma duk wanda ya ga yadda yake juya jiki a kan ƙafa ɗaya ya san ba a banza ta tafi ba. Terry kuwa an haife shi a 1980 a Barking, ya bar West Ham ya koma Chelsea yana shekara 14, a can ne aka rasa 'yan baya a ƙungiyar matasa aka ce ya cike gurbi, daga nan bai sake komawa tsakiya ba.

Daga nan hanyoyinsu suka rabu. Ferdinand tun yana ɗanye aka san kaya ne masu tsada. Ya fara buga wa manyan West Ham a watan Mayun 1996 a hannun Harry Redknapp, ya yi ɗan zaman aro a Bournemouth, kafin ƙarshen 1997 ya saka rigar Ingila a wasa da Kamaru, bai daɗe da cika shekara 19 ba. A 2000 Leeds ta saye shi fam miliyan 18, kuɗin da ba a taɓa biya kan ɗan baya ba a duniya a lokacin, ya je da su har wasan kusa da na ƙarshe na Gasar Zakarun Turai a 2001, inda Valencia ta fitar da su. Bayan ya haska a Kofin Duniya na 2002, Manchester United ta ɗauke shi kan kusan fam miliyan 30. Terry kuwa ba a taɓa sayen sa ba ko sau ɗaya. Ya fara buga wa manyan Chelsea a watan Oktoban 1998, lokacin Celestine Babayaro ɗan Kaduna yana riƙe da gefen hagu, ya yi gajeren aro a Nottingham Forest a 2000, ya dawo ya zauna kusa da Marcel Desailly yana ɗaukar karatu, har koci Mourinho ya zo a 2004 ya ɗaura masa kambun kyaftin. Wasa 717 ya buga wa Chelsea kafin ya tafi Aston Villa a 2017.

In kofuna ake so, ba su da nisa da juna. Ferdinand ya ci Firimiya 6, Terry ya ci 5. Terry yana da kofin FA 5, Ferdinand bai taɓa ɗaga shi ba, ya je wasan ƙarshe a 2005 Arsenal ta cinye su a bugun fenariti, ya koma a 2007 Drogba ya yi musu aika-aika a sabon filin Wembley. Kowannensu yana da Kofin Zakarun Turai ɗaya. A rigar Ingila, Ferdinand ya buga wasa 81, Terry 78. Wannan lissafi ba zai raba gardama ba, kuma ba zai koya wa yaro inda zai tsaya in ana shirin bugo kuros ba, don haka na bar shi nan.

Wasan Terry wasan mutum ne da ya san ba shi da gudu, ya kuma ƙi yarda wannan ya zama ajalinsa. Duk abin da ya ƙware a kai, daga nan ya samo asali. Ka nemi wasan Chelsea na kakar 2004 zuwa 2005, ka daina bin ƙwallo da ido, ka zuba wa mai riga lamba 26, wato Terry, ido kawai. In ƙwallo ta tafi gefe, kafin ɗan gefen ya ɗaga kai Terry ya riga ya ja baya ya tsaya daidai turken kusa, jikinsa a karkace, ido ɗaya a kan ƙwallo, ɗaya a kan mutuminsa. Kuros ɗin da aka bugo ƙasa-ƙasa ƙafarsa yake tararwa, wanda aka ɗaga sama kansa yake tararwa. Ba tsalle ya fi kowa ba, lokacin tashi ne ya sani, kuma yana tunkarar ƙwallon ne da gudu, ba ya tsayawa ya jira ta sauko masa. A wannan kakar ƙwallo 15 kacal aka zura wa Chelsea a wasa 38, sau 25 ana tashi ba a taɓa ragarsu ba, kuma 'yan wasan da ke bugawa a Ingila da kansu suka zaɓe shi gwarzon shekara, abin da ba kasafai ɗan baya ke samu ba.

Amma a lura da gidan da aka gina masa. Petr Cech a raga, Ricardo Carvalho a gefensa, Claude Makelele a gabansa yana share duk abin da ya ɓullo, daga baya Mikel Obi ya gaji wannan wuri ya yi shekaru kusan 10 yana yi masa katanga. Layin baya kuma ba ya nisa da raga. Filin da ke bayan Terry ɗan kaɗan ne, babu inda ɗan gaba mai gudu zai sheƙa. A irin wannan tsari, mutum mai karanta wasa, mai kai, mai baki, sarki ne.

Bakin nan ma abin koyo ne. In ka samu wasan da ake jin muryar 'yan wasa, za ka ji shi bai yin shiru, yana tura wannan, yana janyo wancan, yana nuna wa ɗan gefe inda zai tsaya tun ƙwallo tana can ɗaya ɓangaren. Yaranmu da yawa kurame ne a fili, sai an ci su sannan baki ya buɗe, a fara neman mai laifi.

Akwai kuma abin da masu cewa Terry ɗan dambe ne kawai suke mantawa. Da ƙafar dama aka haife shi, amma yawancin rayuwarsa a ɓangaren hagu na tsakiyar baya ya buga, kuma ya horar da hagunsa har ta kai yana ɗaga doguwar ƙwallo da ita daga wannan gefe zuwa wancan ta sauka a ƙirjin mutum. Ƙwallon sama ma sau da yawa ba ya dukanta da ka ya zubar, sai ya tare ta da ƙirji ya ajiye, ko ya sa mata kai a hankali ta faɗa ƙafar ɗan tsakiya. Ga cin ƙwallo: 41 a Firimiya, babu ɗan bayan da ya kai shi, 67 gaba ɗaya a Chelsea. Ferdinand 8 ya ci a wasa 455 da ya buga wa United. Wanda ya kalli wasan Chelsea da Barcelona na watan Maris ɗin 2005, wanda aka tashi 4-2, ya san kan Terry ne daga bugun kwana ya fitar da su Ronaldinho.

To ina wasan nasa yake karyewa? Inda aka fitar da shi daga gida. A 2011 koci André Villas-Boas ya zo Chelsea ya ce layin baya ya hau sama, kusa da tsakiyar fili. Ranar 29 ga Oktoba Arsenal ta je Stamford Bridge ta zuba musu 5-3. Ƙwallon da kowa ke tunawa ita ce wadda Malouda ya mayar baya ba ta yi daidai ba, Terry ya juya zai bi ta santsi ya kwashe shi ya faɗi rubda-ciki, Van Persie ya wuce abinsa ya kewaye Cech. Santsi ƙaddara ce, amma duk wasan ranar a guje yake yana bin bayan mutane, aikin da ba nasa ba. Haka a Kofin Duniya na 2010 a Afirka ta Kudu, da Jamus ta ci Ingila 4-1: ƙwallon farko gola Neuer ne ya doko ta daga gidansa, ta tsallake Terry da ya hau gaba, Klose ya ture Upson ya zura. A wannan wasan an mayar da Terry ɓangaren dama, ga fili fetal a bayansa. Mutane suka fara cewa ya ƙare, koci Benitez ma da ya zo Chelsea ya riƙa ajiye shi a benci. Da Mourinho ya dawo ya sake janyo layin ƙasa, sai ga Terry yana shekara 34 ya buga kowane minti na wasa 38 a kakar 2014 zuwa 2015, suka ɗauki kofi. Mutumin bai sauya ba, wurin tsayuwarsa aka gyara.

Ferdinand kuwa shi ne wanda za ka bari da rabin fili a bayansa ka yi barcinka. Allah ya ba shi tsawo, ya ba shi gudu mai dogon taku wanda ba ya nuna kamar yana wahala, ya kuma ba shi ƙafa mai laushi. United ta Ferguson ƙungiya ce mai kai hari da mutane da yawa, 'yan gefen baya suna hawa, sau tari sai a bar 'yan baya biyu da 'yan gaba biyu, kowa da nasa. A nan ake ganin sana'arsa. Ba ya saurin kai ƙafa. Ɗan gaba ya taho da ƙwallo, sai ya riƙa ja da baya a hankali yana karkata shi zuwa gefe, yana jira, har mutumin ya taɓa ƙwallon ta ɗan yi nisa da shi, sai ka ga doguwar ƙafa ta shiga ta ɗauke. Yakan gama wasa wandonsa fari tas, saboda bai kwanta ba ko sau ɗaya. In ya karɓe kuma ba ya dokawa sama don ya huta, yana ɗaga kai ya taka da ita 'yan taku, ya jira ɗan tsakiyar abokan hamayya ya fito masa, sannan ya zura wa Carrick ko Scholes ta cikin ratar da aka bari.

Wasan da nake nuna wa mutane shi ne na kusa da na ƙarshe na Gasar Zakarun Turai da Barcelona a watan Afrilun 2008. Gida da waje abokin tsayuwarsa Vidic bai buga ba, Wes Brown ne a gefensa. Ga Messi, ga Eto'o, ga Xavi da Iniesta da Deco. Minti 180 ba a zura wa United ko ɗaya ba, aka yi canjaras 0-0 a Camp Nou, Scholes ya ci ɗaya a Old Trafford. Ka kalli wasan nan biyu ka ƙirga sau nawa Ferdinand ya yi wani abin da za a tafa masa. Kaɗan ne. Yawancin aikinsa taku biyu ne zuwa hagu ko dama kafin a bayar da fasin, sai mai ƙwallon ya ga hanya ta toshe ya mayar baya.

A nan ne matsalar mai koyo take. Gajerun bidiyon da yara ke kallo a waya zaluntar Ferdinand suke yi, su kuma yi wa Terry kwalliya. Na Terry cike suke da jini da gumi: ga shi ya yi nitso da ka a ƙasa zai tare shot a wasan Ingila da Sulobeniya a 2010, ga shi ya sa safar gola a Reading a 2006 bayan an fitar da Cech da Cudicini duk a kan makara. Na Ferdinand kuwa, mafi kyawun abin da yake yi shi ne abin da ya hana faruwa, kuma ba a yanka bidiyon abin da bai faru ba. Yaron da ya dogara da waɗannan gutsattsarin zai ɗauki mafi haɗarin abin da ke wasan Terry, ya kuma ɗauka Ferdinand yanga kawai yake yi.

Yangar ma akwai ta, kada Kawu ya ji daɗi da yawa. Tun yana West Ham ake kuka da shi kan sakaci, irin na wanda abu ya zo masa da sauƙi. Misalin da ba a mantawa shi ne wasan hamayyar Manchester na watan Satumban 2009. United tana gaba 3-2, saura ƙiris a tashi, ƙwallo tana ƙafarsa a kusa da tsakiyar fili, babu wanda ya matsa masa sosai. Maimakon ya bayar a sauƙaƙe, sai ya ce zai ɗaga ta ta saman kan Martin Petrov. Petrov ya tare, ya tura wa Craig Bellamy, Bellamy ya sheƙa da ita Ferdinand yana bin sa ba ya cim masa, ta zama 3-3. Michael Owen ne ya wanke shi da ƙwallon da ya ci a can cikin ƙarin lokaci. Bayan wata ɗaya a Anfield, Fernando Torres ya sa masa kafaɗa ya riƙe shi a baya ya zura. Lokacin ciwon baya ya fara cin sa, gudun ya ragu, kuma sai aka ga ashe rabin kwanciyar hankalin nan a kan gudun take zaune. Abin yabo, ya sake lale, ya rage hawa, ya ƙara dogara da karatu, har aka sa shi cikin gwarazan kakar 2012 zuwa 2013 yana shekara 34, ya kuma ci ƙwallon nasara a kan Swansea a wasan Ferguson na ƙarshe a Old Trafford. Wato da tsufa ya zo, sai da ya koma kusa da irin wasan da Terry yake yi tun farko.

Wani abu da musun gidan kallo ba ya kawowa: kowannensu sai da ya samu abokin tsayuwa mai kama da ɗayan sannan ya kai ƙololuwa. Carvalho, mai sauri da wayo da fita da ƙwallo, shi ne Ferdinand ɗin Terry. Nemanja Vidic, wanda ya zo daga Spartak Moscow a watan Janairun 2006, mai sa kai inda wasu ke tsoron sa ƙafa, shi ne Terry ɗin Ferdinand. Kafin zuwan Vidic, United ta yi ta gwada Silvestre da Brown da O'Shea a gefensa, kuma daga 2004 zuwa 2006 ba ta ga kofin Firimiya ba. Da suka haɗu suka ci uku a jere. Terry da Ferdinand kansu da aka haɗa su a Kofin Duniya na 2006 a Jamus, ƙwallo 2 aka zura wa Ingila a wasa 5, sai a bugun fenariti Fotugal ta fitar da ita. Don haka kafin yaro ya zaɓi wanda zai kwaikwaya, ya waiga ya dubi wanda ke tsaye kusa da shi. Masu dambe biyu a baya, ƙwallo ɗaya ta sama ta gama da su. Masu yanga biyu kuma, ranar da aka haɗu da ƙaton ɗan gaba za a sha kallo.

Daren 21 ga Mayun 2008 a Mosko, wasan ƙarshe na Gasar Zakarun Turai, ya haɗa su a matsayin kyaftin da kyaftin, kuma ina jin babu ɗan gidan kallon da ya kai shekara 30 da bai san inda yake zaune a daren ba. An tashi 1-1, Ronaldo da Lampard. A ƙarin lokaci Giggs ya samu ƙwallo raga a buɗe, ya buga, Terry da ke komawa da baya ya miƙa wuya ya kautar da ita da ka. Ba don wannan kan ba, da ba a kai ga fenariti ba. Sai ga shi an kori Drogba, Ronaldo ya ɓarar da tasa, aka zo bugu na biyar, in Terry ya ci kofi ya tafi Landan. Ana ruwa kamar da bakin ƙwarya. Ya gyara kambunsa, ya taho, ƙafar da ya dogara a kai ta zame, ƙwallo ta daki turke ta fita. Van der Sar ya tare ta Anelka, Ferdinand da Giggs suka ɗaga kofi, Terry yana zaune a ciyawa yana kuka. 'Yan United har gobe da wannan suke tsokana. Ni dai in ina nuna wa yara wasan, a kan ƙwallon Giggs nake tsayar da bidiyon, in ce su duba tun daga ina ya fara komawa layin raga, alhali kowa yana kallon Evra a gefe.

Ta fuskar hali, ba zan ce wa yaro ya ɗauki ɗayansu dungurungum ba. A watan Satumban 2003 Ferdinand ya bar filin atisaye bai tsaya gwajin ƙwayoyi ba, ya ce mantawa ya yi. Ba a same shi da shan komai ba, amma aka dakatar da shi wata 8, ya rasa rabin kaka da Gasar Turai ta 2004, United da ke saman teburi lokacin da ya tafi ta ƙare a ta uku. Na Terry sun fi yawa kuma sun fi nauyi. Sau biyu ana karɓe kambun Ingila daga hannunsa, a 2010 da 2012. A Camp Nou a 2012 ya sa wa Alexis Sanchez gwiwa ta baya ba ƙwallo a kusa, aka ba shi jan kati, ya bar abokansa su 10, ya kuma rasa wasan ƙarshe na Gasar Zakarun Turai a Munich, kofin da ya fi nema a rayuwarsa aka ci shi yana kallo daga gefe. Sai kuma zargin furta kalaman wariyar launin fata ga Anton Ferdinand, ƙanin Rio, a 2011. Kotu ta sallame shi, amma hukumar ƙwallon Ingila ta same shi da laifi, ta dakatar da shi wasa 4 da tarar fam 220,000. Wannan magana ce ta raba shi da Rio, ba su sake tsayawa tare a rigar Ingila ba.

Akwai kuma jarumtar da ba na son yarana su koya. A wasan ƙarshe na kofin League a 2007, Terry ya kai kansa ƙasa wajen wata ƙwallo, takalmin Abou Diaby na Arsenal ya same shi a fuska, ya sume nan take. Akwai likitoci a bakin fili, akwai motar asibiti, ciyawa ce a ƙasa. Filinmu tsakuwa ce da jar ƙasa, abin da ke akwatin taimakonmu bai wuce bandeji da man zafi ba. Wanda ya yi nitso da ka a nan, mahaifiyarsa zan je in yi wa bayani.

To wa za a zaɓa? Ni ina auna abu uku, kuma ba nauyinsu ɗaya ba.

Mafi nauyi shi ne ƙafar yaron. A tsayar da shi da ɗan gaban da ya fi kowa gudu a ƙungiya, a ba ɗan gaban taku biyu, a jefa ƙwallo bayansu. In yana cim masa sau uku cikin biyar, ƙofar Ferdinand a buɗe take gare shi, kuma asara ce a hana shi shiga. In ba ya cim masa, kada ya yaudari kansa. Kusan duk abin da Terry ya yi fice a kai ana koyon sa da naci: inda za a tsaya, lokacin tashi sama, ƙafa ta biyu, magana. Na Ferdinand kuwa rabinsa kyauta ce daga Allah, kuma yaro marar gudu da ya ce zai riƙa jan ƙwallo yana jiran a fito masa, ranar da aka ƙwace babu abin da zai dawo da shi.

Na biyu shi ne inda ƙungiyarsa ke tsayawa da irin filin da take wasa. In koci mai son a tare gida ne a jira, ko kuma fili ne da ƙwallo ke tsalle yadda ta ga dama, karatun Terry zai yi amfani tun ranar Asabar mai zuwa. Fitar da ƙwallo daga baya a ƙasa yana son fili mai santsi da 'yan tsakiya masu zuwa karɓa.

Na uku shi ne inda yaron yake hange, kuma a nan dole in yi wa Kawu adalci. Ƙwallon yau ta karkata wajen Ferdinand. Tun da aka sauya doka a 2019 aka yarda ɗan baya ya karɓi bugun gola a cikin da'irar gidansa, manyan ƙungiyoyi daga can suke fara gini, layin baya kuma yana hawa har tsakiya. John Stones da Marc Guehi jikokin wannan salo ne. Mai neman 'yan wasa in ya zo kallo, abin da zai fara dubawa a ɗan baya shi ne gudunsa da yadda yake karɓar ƙwallo in an matsa masa. Da za a dawo da su biyun suna shekara 20 a yau, ina ganin Ferdinand za a fi rububi. Wanda duk yake mafarkin fita waje ba zai tsallake wannan darasi ba, ko da daga Terry ya fara.

Shi ya sa ga yawancin yara shawarata ita ce a fara da Terry, shekara guda cur, a kan tsayuwa da kai da ƙafar hagu da baki, a bar masa nitsonsa da rigimarsa. In an samu wannan, a koma kan Ferdinand a koyi haƙurin rashin kai ƙafa da ɗaga kai kafin a bayar. Wanda ya fara ta ɗaya hanyar yakan koyi yangar kafin ya koyi aikin. Banda yaron da gudunsa ya fito fili kuma ƙafarsa ta riga ta nuna, shi kam ya tafi kai tsaye wajen Ferdinand, a nemo masa Vidic ɗinsa.

Yaron nawa mun yi gwajin gudun washegari. Sau ɗaya ya cim ma ɗan gaban cikin biyar, shi ma don wancan ya yi tuntuɓe ne. Na ce masa ya bar gajerun bidiyo, ya tara datarsa ya sauke cikakken wasa ɗaya: Chelsea da Barcelona a Stamford Bridge, Afrilun 2012, wanda Drogba ya ci ɗaya aka rufe gida. Na ce ya kalle shi sau biyu, na biyun ya riƙe biro, duk lokacin da ƙwallo ta fita gefe ya tsayar ya zana inda lamba 26 yake. Ya ce, "Koci, to Kawu fa?" Na ce ya gaya wa Kawu nasa yana nan tafe baɗi, wasan Camp Nou na 2008 na ajiye masa.

Yanzu kullum kafin sauran su iso yana jikin katangar makarantar da ke gefen fili, yana buga mata ƙwallo da hagu tana dawo masa. Jiya na ƙirga masa 40 kafin ɗaya ta haura ta faɗa cikin makarantar, ya tafi roƙon maigadi.